Rufi na yoyo, batir ya mutu: ina dalilin kashe kuɗi kan ƙaro wa ma'aikatan asibiti ilimi?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo da ke cikin kwamitin kula da wani babban asibiti a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin gabashin Sakkwato. Ya ce kuɗin da ke hannunsu kaɗan ne, rufin ɗakin mata na yoyo, batiran sola sun mutu, ga shugaban asibitin yana neman a ware wani kaso don horar da ma'aikata. Kowannensu da takardar shaidarsa ya zo, in ji shi, kuma sun saba ganin wanda aka horar ya nemi canjin wurin aiki ko ya tafi Saudiyya. To ina ribar?

Ranka ya daɗe, tambayarka tana kan hanya, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar maijego a ƙarƙashin rufi mai yoyo. A gyara rufin, a sayi batir. Sai dai kason horon nan shi ne zai sa sauran kuɗin da kuke kashewa su yi aiki. A 2018 kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara bayan sun isa asibiti sun samu kulawar da ba ta kai ba. Waɗanda ke mutuwa saboda ba su je asibitin ba su miliyan 3.6 ne. An shafe shekaru a jihar nan ana bi ta hannun hakimai da limamai ana roƙon magidanta su bar matansu su je awo, su haihu a asibiti. Ranar da suka amsa kiran suka zo, hakkinsu ya hau wuyan masu riƙe da asibitin, har da kwamitinku.

Takardar shaida tana faɗin abin da mutum ya sani ne a ranar da ya zauna jarrabawa. Aikin lafiya kuwa bai tsaya inda ya bar shi ba. Wanda ya gama makarantar jinya kafin 2005, kulorokwin aka koya masa a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma a shekarar Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan da ake kira ACT. Zazzaɓi mai tsanani kuma kwinin aka sani a cikin ƙarin ruwa. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka, har da Ilorin, wanda ya nuna allurar atesunat ta rage mutuwa da kimanin kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Bayan haka, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gyara awon: yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce a ba shi 2.4.

Duba yadda ƙaramin rashin sani ke cinye maganin da aka saya da tsada. Kwalbar atesunat mai miligiram 60 gari ne a ciki. Ana fara zuba mata mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ruwan ya yi garau, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri idan ta jijiya za a yi, ko mililita 2 idan a tsoka ne. Wanda ya fara da ruwan gishiri zai ga garin ya ƙi narkewa. Wanda ya saba da kwinin zai juye ta cikin ledar ƙarin ruwa, alhali kai tsaye ake tura ta cikin jijiya a hankali. Ragowar da aka haɗa ba a ajiye ta sai anjima, zubarwa ake yi. Yaro mai kilo 12 miligiram 36 ne rabonsa, amma da tsohon lissafi bai kai 29 ba. Kuskuren da ya fi yawa kuma shi ne a yi allura ɗaya, yaro ya farfaɗo ya karɓi nono, a sallame shi. Ƙa'ida allura uku ce aƙalla: ta farko, wata bayan awa 12, wata a awa 24, sannan a bi da ACT na kwana uku cikakku. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gado ɗaya ke ɗaukar yara biyu ko uku, wannan bambancin rayuka ne ake ƙirgawa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu, kuma ido ba ya iya auna jini: yana shiga zane, ya bi katifa, ya zuba ƙasa, ungozoma ta ce kaɗan ne. A watan Mayun 2023 aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Babu sabon magani ko ɗaya a cikinsa. An shimfiɗa wa maijego wata leda mai aljihu da layukan awo, ana dubawa duk minti 15 a awar farko. Da jini ya kai mililita 500, ko 300 tare da alamar haɗari kamar saurin bugun zuciya ko faɗuwar awon jini, sai a yi komai a tare: a murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiraneksamik asid mai taimaka wa jini ya tsaya, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira na gaba idan bai tsaya ba. A da ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa, ana jira a ga ko na farko zai yi. Wannan sauyin tsari ya rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100.

Duk magungunan nan wataƙila suna cikin kantin asibitinku yanzu haka. Abin da gwajin ya ƙara shi ne ledar awo, da akwatin da aka haɗa kayan a wuri ɗaya, da horo a cikin ɗakin haihuwar, da mutum biyu da aka ɗora wa alhakin bibiya, da duba alƙaluma duk wata. Tiraneksamik asid giram 1 ne ta jijiya a hankali cikin minti 10, kuma dole ya shiga cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku amfaninsa ya wuce. Ungozomar da ba a sanar da ita haka ba za ta ajiye shi a matsayin makamin ƙarshe, ta ɗauko shi lokacin da ba zai yi komai ba. Oksitosin kuma sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so. A zafin Sakkwato na Afrilu, da ke haura digiri 40, wanda aka bari kan tire ko cikin durowa tsawon makonni ƙarfinsa raguwa yake yi. Ka ga batirin da kake son saye da horon da ake nema aiki ɗaya suke yi: batir ya riƙe firji, horo ya sa a san abin da ya kamata ya kwana cikinsa.

Jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, ta ishe mu wani misalin daga ɗakin haihuwa. Maganinta magnesiyam salfet ne, mai araha, amma ma'aikata da yawa tsoronsa suke ji saboda an gaya musu yana tsayar da numfashi, ba a kuwa nuna musu yadda ake kiyaye hakan ba. Sai su ba da bayalum, ko su saka mace a mota tana jijjiga su ce a wuce Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyar awa biyu ko uku daga wasu ƙananan hukumomin. Allurar farko giram 14 ce: giram 4 ta jijiya a hankali, wato mililita 8 na mai ƙarfin kashi 50 a sirka da mililita 12 na ruwan allura, sai giram 5 a kowane ɗuwawu. Daga nan giram 5 duk awa huɗu, bayan an tabbatar numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa na harbawa idan an ƙwanƙwasa, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Kalsiyam gulukonet giram 1 na ajiye a gefe don karya magnesiyam ɗin idan ya yi yawa. A nan Sakkwato ma, likitocin asibitin koyarwa sun buga bincike a 2009 da ya nuna allurar farkon nan ita kaɗai ta hana jijjiga dawowa ga sama da mata tara cikin goma. Ma'anarsa ga ƙaramin asibiti a fili take: a yi allurar farko kafin a ɗora mace a mota, a rubuta lokaci da adadi a takardar turawa. Ma'aikacin da ya taɓa zuƙar ruwan nan a sirinji sau biyar a gaban mai koyarwa ba zai ji tsoronsa da ƙarfe biyun dare ba.

Abu na biyu bayan sauyawar ilimi shi ne hannu na mantuwa. Mutanen garin nan sun fi kowa sanin haka: mahaddacin da ya bar tilawa wata shida, sai ya ji ayoyi na kuɓuce masa, ko da ya yi sauka da yabo. Farfaɗo da jariri haka yake. Kusan jariri ɗaya cikin goma na buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma minti na farko ne ke raba gardama. A goge shi da busasshen tawul, a shafa bayansa, in bai yi kuka ba a ɗora masa jakar hura iska, kusan hurawa 40 a minti, ido na kan ƙirji. In ƙirji bai ɗaga ba, a gyara zaman murfin a fuska, a ɗan ɗaga haɓa, a sake. Akwai murfi mai lamba 0 na bakwaini da ƙaramin jariri, da mai lamba 1 na wanda ya cika wata tara. Abin da ke faruwa idan an daɗe ba a gwada ba shi ne a koma tsohon hali: a riƙe jariri ta ƙafa kansa a ƙasa, a mammare shi, a dinga zuƙe masa maƙogwaro, a tafi neman allura, minti uku sun wuce. A Tanzaniya, bayan an horar da masu karɓar haihuwa kan wannan tsarin a asibitoci takwas, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. An kuma sha gani a wurare daban-daban cewa ƙwarewar riƙe jakar tana raguwa cikin 'yan watanni idan ba a maimaitawa.

Akwai kuma sanin da aikinsa kawai ya buɗe ido. Ma'aikacin da ya saba buɗe bakin duk yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda zai kama ciwon noma tun yana kumburin dasashi mai wari, lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci za su tsayar da shi, kafin ya ci kunci a dangana da Asibitin Noma da ke cikin gari. Haka man kuloheksidin na cibiya, wanda Sakkwato ta riga sauran jihohi fara rarrabawa a 2013 tare da misoforostol, ƙwayar hana zubar jini bayan haihuwa: a wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya, an samu jariran da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure suka makance. Jimla ɗaya ce ke hana wannan, wadda ma'aikaciya za ta faɗa wa uwa da kaka lokacin miƙa maganin, in an koya mata ta faɗa.

Yanzu ga inda shakkarka take da gaskiya. Kuɗin horo da yawa asararsu ake yi. A kama ɗakin taro a otal kwana uku, a tara mutum hamsin, a yi ta haska rubutu a bango da Turanci, a ci abinci, a sa hannu a karɓi alawus, a raba takardar halarta. Waɗanda ake turawa ma sau da yawa manya ne masu zaman ofis, ko kuma mutum ɗaya ne ke zuwa kowace bita saboda kusancinsa da mai zaɓe, ita kuwa wadda ke kwana a ɗakin haihuwa ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba. A ce wanda ya je zai dawo ya koya wa sauran, ba a ware masa rana ba, ba kayan gwaji. Wani babban nazari na 2018 da ya tattara bincike sama da 300 daga ƙasashe irin namu ya gano cewa raba takardu da manna su a bango kusan ba ya sauya komai, horo shi kaɗai yana ɗaga aiki daidai da ƙa'ida da maki 10 cikin 100, idan kuma aka haɗa shi da bibiyar mai kulawa ya kai kusan 18. Don haka in shugaban asibitinku bitar otal yake nema, kana da hujjar ƙi. Ka tambaye shi wa za a horar, a kan me, a ina, wa zai bibiya, me za a auna bayan wata uku.

Tsarin da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu a cikin asibitin ake yinsa. A fara da rajista: a ɗauko littafin ɗakin haihuwa da na yara da na gaggawa na wata 12, a fitar da abubuwa uku ko huɗu da suka fi kashe mutane ko sa a tura su gaba. Su ne manhajar shekarar. A sayi 'yar tsanar roba ta jariri da ta uwa, da jakar hura iska da murafenta biyu, a ajiye su a wani lungu na ɗakin haihuwa inda hannu zai kai, kar a kulle su a ofishin metiron don gudun lalacewa. A sa minti 20 zuwa 30 sau ɗaya a mako, lokacin miƙa aiki tsakanin masu safe da masu rana, mutum uku ko huɗu, kowa ya yi da hannunsa. A riƙa juya lokacin don masu dare su samu. Sau ɗaya a wata a yi atisaye ba sanarwa: a ce ga mace na zubar da jini a gado na biyu, a duba agogo, minti nawa kafin allura ta shiga, minti nawa kafin a samu mai ɗakin jini. A irin wannan ne ake gano makullin kabad ɗin magani na aljihun wanda ya tafi masallaci, ko babbar allurar ƙarin ruwa ta ƙare tun makon jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sa masu shara da direban motar asibiti da mai gadi a ciki, domin su ne ke gudu a kira mutum, su ne ke ɗauko iskar oksijin.

Sai mai koyarwa daga waje. Gogaggiyar ungozoma ko likitan yara ya zo kwana biyu duk wata ko duk wata biyu, ya yi aiki tare da su kan marasa lafiya na gaske, ya gyara a hankali ba a gaban majinyaci ba. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su taso gaba ɗaya ba, jajoji ta horar suna kai karatu har inda matan suke, suna dawowa su ƙaro. Kuɗin mai da masauki na mutum ɗaya ba su kai kuɗin kwasar mutum talatin zuwa birni ba, kuma ba a bar asibiti fayau ba. Akwai abubuwan da dole sai an tura mutum: fiɗa, sa barci, ɗaukar hoton ciki, kula da bakwaini. Waɗannan a tura shi asibitin koyarwa na makonni, a kuma tanadi wanda zai riƙe gurbinsa.

Zaman bitar mace-macen mata masu haihuwa da jarirai, wanda dama tsarin ƙasa ya tanada, makaranta ce kyauta in an bi ƙa'idarsa: ba a kiran suna, ba a ɗora laifi. Ranar da aka fara ba da takardar tuhuma daga abin da aka faɗa a zaman, daga ranar za a fara gyara fayil ana ɓoye gaskiya. Wannan ya rataya ne a kan shugabanni kai tsaye, kuma ko sisi ba ya ci.

Maganar masu tafiya kuwa, gaskiya ne wasu za su tafi. Amma dubi waɗanda suka fi yawa a asibitocin karkara: ma'aikatan lafiyar al'umma da suka fito daga kwalejin Gwadabawa, da nas-nas da ungozomomi 'yan asalin yankin masu aure da iyali a nan. Tun 2014 manufar ƙasa ta raba ayyuka ta ba su damar yin wasu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma, da sharaɗin horo da kulawa. An ɗora musu kayan, horon ne bai biyo baya ba. Su za a fi zuba wa jari, kuma horon da aka yi wa ɗaki guda gaba ɗaya ba ya tafiya da tafiyar mutum ɗaya. Wanda za a kashe wa kuɗi mai yawa a dogon kwas, a yi yarjejeniya a rubuce zai yi shekara biyu ko uku a wurin, a kuma nemi hukumar kula da asibitoci ta jiha kar ta ɗauke shi wata biyu da dawowarsa, domin canjin wurin aiki na gwamnati na kwashe horarru kamar yadda jirgin Jidda ke yi. Ka sani kuma likita na buƙatar maki 20 na ƙarin ilimi duk shekara kafin hukumar likitoci ta sabunta masa lasisi, nas da ungozoma ma hukumarsu na neman irin wannan shaidar. Yawanci daga aljihunsu suke biya. Asibitin da ya nemi a amince da horonsa na cikin gida ya zama mai ba da maki ya ba ma'aikaci dalilin zama.

Batun inda kuɗin za su fito, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta kuma ware kashi 10 na asusun don bunƙasa ma'aikata. Ƙananan asibitocin mazaɓu da ke turo muku marasa lafiya suna da hakki a ciki ta hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma ya dace ku haɗa atisayenku da nasu. Naku kason, a rubuta shi da layinsa daban a kasafi, ko da kaɗan ne, don kar ya zama abin da ake fara yankewa. Ƙungiyoyin agaji in sun zo da tayin horo, a miƙa musu jerin nan da aka fitar daga rajista.

Kwamiti kuma ya daina karɓar adadin waɗanda aka horar a matsayin rahoto. Duk wata uku a kawo muku lambobi huɗu: cikin matan da suka yi jijjiga, nawa aka yi wa allurar farko kafin a tura su, cikin masu zubar jini, nawa suka samu tiraneksamik asid cikin awa uku, cikin yaran da aka kwantar da zazzaɓi mai tsanani, nawa suka cika allura uku, jarirai nawa aka hura wa iska, nawa suka rayu. A watannin farko kar ka firgita in ka ga adadin masu zubar jini ya ƙaru a rajista. A gwajin E-MOTIVE, asibitocin da ke aiki da ido kusan rabin masu zubar jinin kawai suke ganowa, masu ledar awo kuma sama da kashi 90 cikin 100.